Yadda Ake Koyon Sana'ar Sayar da Kaya ta Hanyar Ba da Shawara a Kwalejin Fasaha

Manomin rani da ya taso daga Bunkure ko Auyo da kuɗinsa a aljihu domin sayen injin ban-ruwa yana iya faɗawa hannun ɗaya daga cikin mutane biyu. Na farko zai nuna masa injin da ya fi girma a shagon, ya yabi ƙarfinsa, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, kowa ya kama gabansa. Na biyu kuwa ba zai taɓa injin ba tukuna, sai ya tambayi girman gonar, da abin da za a shuka, da inda ruwan yake, da nisan da ke tsakanin bakin rijiya da saman ruwa idan rani ya tsananta a watan Afrilu. Dalilin wannan tambaya ta ƙarshe shi ne, injin da ake ajiyewa a bakin rijiya ya zuƙo ruwa ba ya iya jawo shi daga zurfin da ya wuce kimanin mita 7 zuwa 8, komai girmansa, domin nauyin iskar da ke danne saman ruwa ne ke tura shi cikin tiyo, kuma wannan nauyi yana da iyaka. Wanda ruwansa ya yi ƙasa da haka, famfon da ake zurawa cikin rijiya yake buƙata, kuma idan aka sayar masa da wancan an ci kuɗinsa a banza.

Aikin mutum na biyun shi ake nufi da sayarwa ta hanyar ba da shawara. Mai wannan sana'a yana fara gano matsalar mai saye, ya auna ta, sa'an nan ya kawo kayan da suka dace da ita, ko da sun fi arha, ko da kuma a ƙarshe ya zama babu abin da zai sayar a ranar. Ta bambanta da talla, inda ake kiran mai wucewa, ta kuma bambanta da dillanci, inda ake haɗa mai kaya da mai saye a karɓi la'ada. Ana buƙatarta ne a kayan da ke da tsada, waɗanda mai saye ba ya iya gane ingancinsu da ido, kuma kuskure a cikinsu kan ci amfanin shekara guda: iri, takin zamani, maganin feshi, injinan ban-ruwa da na casa da na niƙa, kayan sola, magungunan dabbobi da abincin kaji. Waɗannan su ne kayan da ke yawo a kasuwar Wudil ranar Juma'a, da Maigatari ranar Alhamis, da Gujungu da Dambatta ranar Lahadi.

Wane kwas za ka nema?

Akwai matakai biyu da ake kira kwalejin fasaha a ƙasar nan, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne wanda ake shiga bayan aji uku na ƙaramar sakandare, irin kwalejojin fasaha na gwamnati da ke Bagauda da Ungogo, inda ake yin shekara uku ana koyon aikin lantarki, ko kanikanci, ko walda, ko gini, sa'an nan a rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, a sami takardar NTC ta sana'a ko NBC ta harkokin kasuwanci. Na biyu shi ne kwalejin kimiyya da fasaha ta gaba da sakandare, inda ake yin ƙaramar difloma, wato ND, a shekara biyu, a fita a yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan mai so ya dawo ya yi babbar difloma, wato HND, a wasu shekaru biyun, wadda ke ba ɗalibin cikakken lokaci damar zuwa hidimar ƙasa. A yankinmu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wadda ke da makarantu a cikin birni da Rano da Gwarzo, da ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da ta Jihar Jigawa a Dutse, da ta Binyaminu Usman a Haɗeja wadda asalinta kwalejin aikin gona ce, sai kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta.

Da yawa sukan ɗauka cewa mai son wannan sana'a dole ne ya karanta harkar kasuwanci ko dabarun tallata haja. Ni dai a nawa ganin, ga matashin da zai yi aiki a karkarar Kano ko Jigawa, ya fi dacewa ya fara tambayar kansa irin kayan da yake son sayarwa, sa'an nan ya zaɓi kwas ɗin da zai sanar da shi cikin waɗannan kayan. Mai son kayan sola ya nemi injiniyan lantarki, mai son iri da taki ya nemi fasahar aikin gona, mai son injina ya nemi injiniyan aikin gona ko na kanikanci, mai son harkar kaji da shanu ya nemi kiwon lafiyar dabbobi. Hujjata ita ce, dabarun ciniki ana iya tsintarsu a kasuwa da ƴan darussa kaɗan, kuma yaron da ya tashi a ƙauyen da ke cin kasuwa ya riga ya san rabinsu, amma ba a tsintar lissafin batir ko na sinadaran taki a bakin rumfa. Wanda kuma ya riga ya shiga sashen kasuwanci bai yi asara ba, domin zai fi kowa sanin ajiye lissafi da fitar da farashi da rubuta yarjejeniya, sai dai wajibi ne ya zaɓi kaya iri ɗaya, ya lizimci shagon masu gyaransu a ranakun hutu, ya kuma ƙulla abota da ɗaliban sashen da ke karantarsu.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar cewa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take Kaduna, ta tantance wannan kwas ɗin a wannan makarantar. Tantancewar ta kwas-kwas ce, ba ta makaranta gaba ɗaya ba, saboda haka makaranta ɗaya tana iya samun amincewa a wani sashe ta rasa a wani. Sharuɗɗan shiga ND ba su da wani ɓoye: kiredit a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB a darussan da kwas ɗin ya nema, sai jarrabawar JAMB, wadda ba a yi wa mutum rajistarta sai da lambar NIN. Wanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi yana iya neman lamunin ɗalibai na asusun NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024 kuma ya haɗa da ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha na gwamnati.

Lissafin da zai raba ka da mai talla

Idan ka shiga makaranta, darussan da ɗalibai suka fi rainawa su ne za su fi yi maka amfani: lissafi, da rubutun wasiƙa da rahoto, da sarrafa kwamfuta, da darasin koyar da dogaro da kai da ake yi wa kowane ɗalibi. Kada ka yi karatun lissafi don cin jarrabawa kawai, ka mayar da kowace ƙa'ida misali na gona ko na shago, har sai ka iya yin sa a bayan takardar rasit kana tsaye.

Ɗauki taki. Lambobin da ke jikin buhu suna faɗin kaso nawa cikin ɗari na kowane sinadari ke ciki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kaso 46 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wato kilo 23 ke nan. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin sinadarai uku, shi kuwa mai lamba 20-10-10 yana da kilo 10 da 5 da 5. Ma'ana, sai an haɗa buhu uku na 15-15-15 kafin a kusa naitirojin ɗin da ke cikin buhun yuriya ɗaya. Wanda ya san wannan ba zai bar manomin masara ya kashe kuɗinsa duka a kan kamfa a zubi na biyu ba, kuma ba zai ɗora wa mai gyaɗa ko wake yuriya mai yawa ba, alhali waɗannan suna samar wa kansu naitirojin ta saiwarsu, takin sufa suka fi buƙata. Haka nan dole ka riƙe cewa hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, domin umarnin da ke jikin kaya da hekta ake rubuta shi, manomi kuwa da eka ko da mudun iri yake kwatanta gonarsa.

Maganin feshi ya fi wannan hatsari, don kuwa yawancin masu feshi da gwangwanin madara ko murfin kwalba suke awo, kowa da nasa. Hanyar da za ka koya a makaranta, ka kuma koyar da ita a gona, ita ce a auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a zuba ruwa zalla a jarkar feshi, a fesa filin da irin tafiyar da mai feshin ya saba, sa'an nan a duba ruwan da ya tafi. Idan lita 2 ce ta tafi, hekta za ta ci lita 200, wanda ke nufin cika jarka mai lita 16 sau goma sha biyu da rabi. Idan kuma takardar maganin ta ce a zuba lita 2 a hekta, to kowane ciki zai ɗauki mililita 160. Wanda ya zuba ƙasa da haka bai kashe ƙwarin ba, ya dai koya musu jure maganin, wanda ya wuce haka kuma ya ƙona amfaninsa ya cutar da mai ci. Manoman tumatir na Kadawa da Kura ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonaki, mutane suka yi ta sayen magani iri-iri suna fesawa ba tare da biyan buƙata ba.

Ga mai sha'awar sola, lissafin yana farawa ne daga kayan da za a kunna, ba daga farantin da ke shago ba. A ɗauka mai shago a ƙauye yana da ƙwan fitila huɗu masu wat 10 da zai kunna awa biyar, da fanka mai wat 60 ta awa takwas, da talabijin mai wat 50 na awa biyar, yana kuma cajin wayoyi talatin a yini, kowace tana cin kimanin wat 15 na awa guda. Idan aka ninka wat ɗin kowane kaya da awanninsa, jimillar ita ce 200 da 480 da 250 da 450, wato 1,380 a yini. Batir mai bolt 12 da lamba 200 yana ɗaukar 12 sau 200, wato 2,400, amma idan irin na dalma ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri, saboda haka 1,200 ne naka, wanda bai kai 1,380 ɗin da ake buƙata ba. A nan ne tambaya take shigowa: da rana ake cajin wayoyin ko da dare? Idan da rana ne, farantai ne za su ɗauki nauyin kai tsaye, batir ɗaya ya isa, ka rage wa mutumin kuɗi mai yawa. Farantin mai wat 300 kuma, idan ya sami awa biyar na rana mai ƙarfi, a takarda zai ba da 1,500, amma zafi da ƙura da wayoyi sukan ci kusan rubu'i, saboda haka guda ɗaya ba zai wadatar da wannan shago ba, musamman a lokacin hunturu da hazo ke rufe sama.

Irin wannan lissafi ne kuma ke amsa kalmar da za ka fi ji a rayuwarka ta aiki, wato “ya yi tsada”. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoman rani suka fara kallon famfon sola da idon basira, amma farashinsa na farko yana tsorata su. Maimakon ka yi ta rantsuwa cewa kayan na da kyau, sai ka tambayi manomin lita nawa yake ƙonawa a kowane ban-ruwa. Idan ya ce huɗu, sau biyu a mako, har mako goma sha huɗu, lita 112 ke nan a zagaye ɗaya, ban da baƙin mai da gyara. Ka bar shi ya ninka da farashin lita na ranar da kansa, domin lissafin da mutum ya yi da bakinsa ya fi zama a ransa. Idan kuma lissafin ya nuna cewa gonar ta yi ƙanƙanta har kuɗin ba zai dawo da wuri ba, ka faɗa masa, ko ka ba shi shawara su haɗa kai da maƙwabcin gonarsa.

Yadda ake tambaya a ƙasar Hausa

Malaman kasuwanci za su koya maka cewa tambayoyi hawa-hawa ne: a fara da halin da mai saye yake ciki, a gangaro kan abin da ke damunsa, a nuna abin da damuwar ke jawo masa, sa'an nan a bar shi ya faɗi amfanin da zai samu idan ta kau. Tsarin yana da kyau, amma wanda ya ɗauko shi daga littafi ya sauke a ƙofar gidan dattijo a Gezawa ko Ringim ba tare da gyara ba zai sha mamaki. Bahaushe ba ya son a tambaye shi kai tsaye buhu nawa ya samu ko shanu nawa gare shi, kuma amsar farko a kan kowane hali ita ce “sai godiya”, ko da gonar ta ƙone ƙurmus. Saboda haka bayan sallama da cikakkiyar gaisuwa, wadda ba a gaggauta ta, sai a zagayo ta gefe. Kana iya cewa, “Baba, wannan gonar taku mudu nawa na iri take ci?” ka sami girmanta. Ka ce, “Yaya kuka ga amfanin bana idan aka kwatanta da na bara?” ka sami matsalar ba tare da ka nemi adadi ba. Idan ya ambaci cewa waken da ya ajiye ya yi ƙwari kafin azumi, sai ka ce, “To Baba, da ya kai lokacin da farashi ya tashi lafiya lau, da yaya ke nan?” A nan shi da kansa zai faɗi asarar, kai kuma sai ka kawo maganar buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba, ka kuma gaya masa sharuɗɗansa: waken ya bushe sarai, ledojin ciki biyu kada su huje, a ɗaure kowace daban, a kuma nisanta shi da ɓera.

Sauraro ya fi tambayar wuya. Matashin da ya fito daga makaranta yakan ƙagu ya nuna abin da ya sani, ya katse dattijon da ya yi shekara arba'in yana noma wannan ƙasar, ya cika maganarsa da Turanci. Ka horar da kanka tun kana ɗalibi ka iya bayyana kowane abu da Hausar da mahaifiyarka za ta gane, domin idan ka kasa, alama ce ta cewa kai ma ba ka gane shi ba. Ka kuma koyi fassara amsoshi. “Sai na yi shawara” wani lokaci ƙi ne cikin ladabi, wani lokaci kuma gaskiya ce, saboda a gidan gandu ba wanda ke tsaye a gona ne ke yanke hukunci ba, akwai uba ko babban wa, a ƙungiyar manoma kuma akwai shugaba da ma'aji. Tambayar da ta dace ita ce, “Da wa za ku yi shawarar, ko zan iya zuwa in yi masa bayani shi ma?” Idan sabon gari ka shiga, ka fara da gaishe da dagaci ko mai unguwa, ka ce masa ranka ya daɗe, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma nemi malamin gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, wato KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, da ke kula da yankin, domin shi ya san wanda manoma ke koyi da shi.

Ya kamata ɗalibai mata su lura da wani abu a nan. Mata masu turara shinkafa, da masu matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da masu kiwon kaji da awaki a cikin gida, duk masu sayen injina ne da magunguna da abincin dabbobi, amma namiji baƙo iyakarsa zaure. Sau da yawa yaro ake aika wa kasuwa da saƙo, ya dawo da abin da aka ba shi. Mace mai difloma da za ta shiga har tsakar gida ta ce, “Hajiya, nuna mini inda kajin suke kwana,” tana da kasuwar da babu mai yi mata takara a cikinta.

Inda za ka gwada abin da ka koya

Ɗaliban ND na fannonin fasaha da aikin gona sukan fita wata huɗu bayan shekarar farko a ƙarƙashin shirin sanin makamar aiki na SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi. Da yawa sukan nemi ofishin da za a sa musu hannu a littafi su koma gida, kuma wannan babbar asara ce. Ka nemi dilan kayan gona, ko kamfanin iri, ko masu haɗa sola, ko injin casar shinkafa, ko kamfanonin samar da kayan noma na jiha irin KASCO a Kano da JASCO a Jigawa, ka kuma roƙi a riƙa fita da kai wurin masu saye maimakon a ajiye ka a sito. Abin da ya fi komai ilimantarwa shi ne kayan da aka dawo da su. Duk injin da aka maido da ƙorafi, ka bi diddigi ka gano ko kayan ne marasa kyau, ko ba su dace da aikin ba tun farko, ko kuwa ba a koya wa mai shi yadda ake amfani da su ba. Za ka tarar biyun ƙarshen sun fi yawa, kuma dukansu laifin mai sayarwa ne.

A cikin makaranta kuma, ku haɗu ku uku, ɗaya ya zama mai saye mai taurin kai, ɗaya mai sayarwa, na uku ya riƙe agogo ya ƙidaya wanda ya fi yin magana. Idan mai sayarwar ne ya fi, a sake. Aikin binciken da ake yi a ƙarshen difloma ma kana iya karkata shi ga kasuwarka ta gobe, misali ka bincika yadda manoman ƙauyuka biyar na ƙaramar hukumarku suke zaɓen iri, ta yadda za ka fita da takarda a hannu da kuma sanayya da mutane hamsin. Idan gidanku na da gona, ka roƙi kunya goma a bakin hanya, ka shuka irin da kake son sayarwa kusa da wanda aka saba, ka yi musu hidima iri ɗaya. Gani ya kori ji, kuma masu wucewa zuwa kasuwa za su tsaya su tambaya da kansu.

Akwai dokokin da ba a yafe wa mai wannan sana'a jahiltarsu. Maganin feshi da na dabbobi sai da lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ingantaccen iri yana zuwa da shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, wato NASC, dokar ingancin taki ta 2019 kuma ta wajabta wa masu sayar da shi yin rajista, ta kuma haramta algus da tauye awo. Mai saye da aka yaudara yana da damar kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC. Wanda ya yi nisa a sana'ar yana iya neman zama ɗan cibiyar masana kasuwanci ta NIMN, wadda doka ta kafa a 2003. Tun kafin waɗannan, mai saye da mai sayarwa a ƙasar nan sun san hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sa'an nan ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Ɓoye cewa batir ba zai ɗauki firji ba, ko cewa irin ba ya jure fari, duk danshi ne a ƙasan tari.

Idan an kira ka aiki

Kafin ka karɓi aiki, ka nemi a rubuta maka amsar wasu tambayoyi. Albashi ne, ko kamasho zalla, ko duka biyun? Yaushe kamashon yake tabbata, ranar da aka ɗauki kaya ko ranar da aka gama biya? Wa ke da alhakin man babur da katin waya? Idan manomi ya karɓi kaya bashi zuwa kaka, ruwa ya ɗauke ko ambaliya ta ci gonar, kamar yadda takan faru a kwarin Haɗeja, wa zai ɗauki asarar? Idan kaya suka lalace cikin wa'adin garanti, ina ake kai su, kuma kwana nawa ake yi? Wannan ta ƙarshen ta fi shafarka, domin kamfanin yana Legas ko cikin birnin Kano, kai kuwa ƙofar gidanku aka sani. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗin shiga, sa'an nan ribarka ta dogara da yawan mutanen da ka jawo su ma suka biya, ba aikin sayarwa yake ba ka ba, ka tashi ka ba shi wuri. Kuɗin mai saye kuma kada ya kwana a asusunka na kanka, a tura shi asusun kamfani, a yanka rasit mai ɗauke da sunan kaya da lambarsu da kwanan wata.

Daga ranar farko ka buɗe littafi, ko a takarda ko a waya, ka rubuta kowane mai saye da ƙauyensa, da abin da ya saya, da girman gonarsa ko shagonsa, da ranar da ya kamata ka waiwaye shi. Mai sola ka koma bayan mako biyu ka duba ko ana goge ƙurar farantai, ko an ƙara wani kaya da ba ya cikin lissafi, kamar dutsen guga ko hita. Mai iri ka je bayan tsiro ka ƙidaya ramukan da suka fito. Mai injin ka tuna masa canjin baƙin mai na farko, wanda ake yi da wuri fiye da na baya. Littafin ne zai nuna maka cewa maganar taki da iri ana fara ta tun kafin ruwan farko, ta buhunan ajiya ana yin ta ana gab da girbi, ta injin ban-ruwa da famfon sola kuwa da kaka, lokacin da aka sayar da amfani kuma kuɗin bai riga ya tafi hidimar biki ba.